Faranti Bakwai a Zauren Baffa

A shekarun farin da ya cinye shanun ƙasarmu ina aikin malamin dabbobi a Sabon Birni, wato ina riƙe da muƙami mai daraja a daidai lokacin da abin da aka ɗauke ni in kula da shi yake ƙarewa. Gidanmu babba ne, amma ba ni ne maigida ba. Maigida shi ne Baffa, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina maraya, ya sa ni makaranta, ya yi mini aure. Na haura shekara arba'in, ina da 'ya'ya biyar, amma a bakinsa ban wuce "kai wanga" ba, kuma ban taɓa ganin laifin haka ba.

Baffa manomi ne irin na da, wanda yake auna mutum da rumbunsa. A damina ta ƙarshe da ta yi albarka ya cika babban rumbun gidanmu da dammunan gero har baki, ya sa aka liƙe shi da laka, aka ɗora jinka, ya ce ajiya ce, ba mai buɗewa sai da izininsa. Ba a daɗe ba yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu. Shekara huɗu ya yi zaune a zaure, ba ya ganin gona, ba ya ganin sama, ba abin da ya rage masa na alfahari sai wannan rumbu. Duk baƙon da ya shigo gaisuwa, kafin ya tashi sai ya ji cewa a gidan nan akwai rumbun da fari bai san hanyarsa ba.

Fari kuwa ya san hanyarsa, ni na nuna masa. A shekara ta biyu, da nawa rumbun ya ƙare, ƙaramin rumbun gida ma ya bi shi, na je na durƙusa na kewaya maganar a gaban Baffa. Ya ce ba a kai can ba tukuna. Yunwar da ya gani yana yaro, in ji shi, sai da aka tona gidan tururuwa ana neman ƙwaya. In an kai haka in dawo mu yi magana. Na koma cikin gida na dubi 'ya'yana da na ƙanwata da aka kawo mana daga Gatawa, na ga ba za ni iya jiran tururuwa ba. Daga ranar, duk sa'ad da Baffa ya kwanta da tsakar rana, sai in kafa tsani, in ɗaga jinka, in zaro dami. Haka muka rayu shekara biyu, shi yana alfahari da rumbun a zaure, mu muna cin rumbun a cikin gida.

Sai Allah ya kawo wani likitan ido Sakkwato. Na kai Baffa, aka cire masa yanar, ya dawo gida da baƙin tabarau da sharuɗɗa uku: kada ya sunkuya, kada ya daɗe a rana, kada ya hau wani abu mai tsawo. Na gode wa Allah a kan idanun, kuma, Allah ya gafarta mini, na fi jin daɗin sharaɗi na uku. Kafin a sallame shi na riga na kwaɓa laka na sake liƙe bakin rumbun. Abin da ya rage a ciki dami huɗu ne can ƙasa, waɗanda na haramta wa kaina domin su ne irin da za mu shuka in ruwa ya sauka.

Kwana kaɗan da dawowarsa ya kira ni ya ce yana son walimar godiya, a kira masa dattijai goma sha biyu, abokan da ya yi shekara huɗu yana jin muryarsu ba ya ganin fuskarsu. Sa'an nan ya tambaye ni ko lokaci ya yi da za a fasa ajiya. Na ce Allah ya kiyaye, ina raye ina aikin hukuma ba za a taɓa masa rumbu saboda walimar yini ɗaya ba. Maganar ta yi masa daɗi ƙwarai, har ya maimaita ta ga mutum uku kafin la'asar.

Da na shiga ciki na gaya wa maiɗakina, sai ta ɗauko ƙwaryar hatsi ta ajiye a gabana. Gero ne da bai cika tiya ba, da ɗan tsakin dawa. Ta ce in ta tuƙa wannan domin mutum goma sha biyu, kowa zai sami malmala irin ta yaron da ake yayewa, alhali walima a gidan Baffa an san ta da tuwon da ake ci a bari, har a aika wa maƙwabta. Da ganin akushi Baffa zai ce a kawo tsani.

A nan ne na tuna wata liyafa. Shekaru kafin fari an tura mu Madawa, a ƙetaren iyaka, taron allurar shanu, wani Bafaranshe likitan dabbobi ya gayyace mu cin abinci saboda an ƙara masa girma. Sa'a uku muka yi a tebur. A kawo abu kaɗan a tsakiyar faranti, kamar farantin ne aka manta ba a wanke ba. Wani mutum mai farar riga ya tsaya ya faɗi sunan abin da garin da aka samo shi da yadda aka dafa shi. A ci da cokali, a kwashe, a kawo wani. Da aka gama aka kawo ruwa a ƙananan kwanoni, muka wanke yatsu, aka tashi. Ni da abokin tafiyata muka wuce tasha muka sha fura. Shekara da shekaru ina ba da labarin nan a matsayin shaidar rowar Faransawa. A ranar, ina duban ƙwaryar nan, na gane ashe ilimi aka ba ni ban sani ba. Idan aka rarraba abinci kaɗan, aka kawo shi bi da bi, aka yi masa dogon bayani, ba wanda zai sami damar ganin yawansa wuri ɗaya.

Maiɗakina ta saurare ni har na gama, sa'an nan ta tambaye ni ko Faransawan nan sun taɓa ciyar da Gobirawa. Na ce tsari ne na manyan mutane, Baffa kuwa babban mutum ne. Ta ce to, a cikin me za a zuba. Na ɗaga kai na dubi jerenta, ƙananan farantan tangaran da ta zo da su ranar aure, goma sha biyu cif, waɗanda ake gogewa kowace Juma'a ba a taɓa ci a cikinsu ba. Kwana biyu na yi ina lallashi. Ta yarda bisa sharaɗin in an ji kunya ni za ni tsaya in ji ta, ita tana ɗaki. Cokula na aro wurin mai shayi a tasha.

Ranar walima, bayan azahar, dattijai suka taru a zaure. Uku daga cikinsu ya kamata a sani. Akwai limamin unguwarmu, maƙwabcinmu katanga ɗaya, mutum mai ƙarancin magana. Akwai Arɗo, aminin Baffa tun suna samari, wanda fari ya tafi da garkensa ya bar masa sanda. Akwai kuma ɗan goggon Baffa da ya zo daga Tozai, taubashinsa, wanda al'ada ta ba shi ikon faɗa masa duk abin da ya ga dama, shi kuwa bai taɓa barin ikon nan ya huta ba. Yana shigowa ya tsaya gaban Baffa ya ce, "To bawana, ga ubangidanka, dube ni da kyau. An ce an buɗe maka ido. Hankalin fa, likita bai taɓa shi ba?" Baffa ya ɗaga tabarau ya dube shi sama da ƙasa, ya ce da ya san abin da zai gani ke nan da ya riƙe yanarsa. Aka yi dariya. Na lura dai ya daɗe yana duban wuyan Arɗo da yadda riga ta yi masa yawa.

Na fito cikin babbar rigata ta Sallah, na yi jawabi. Na ce yau za a ci abinci bisa tsarin manyan ƙasashen duniya, iri bakwai, ɗaya bayan ɗaya, domin idon da Allah ya mayar ya ga kowane abinci shi kaɗai, ya ba shi haƙƙinsa. Har yau ina ganin jawabin ya tsaru. Baffa ya gyaɗa kai yana duban abokansa, irin duban wanda ya sa ɗa makaranta ya ga amfani. Na raba cokula. Tun da cokali za a ci, ban kawo ruwan wanke hannu ba.

Na fara da jiƙon tsamiya a kofunan shayi, na bayyana cewa daga tsohuwar tsamiyar kan hanyar Isa aka tsinko ta. Na biyu kwaɗon zogale ne da garin ƙuli-ƙuli, cokali biyu ga kowa. Na uku shi ne ya fi ba ni wahalar bayani. Hanza ce, 'ya'yan wani ɗan itacen daji masu ɗaci da sai an jiƙa su mako guda ana sauya ruwa kafin su ciwu. Babu wanda ke zauren nan da bai yi shekara biyu yana cinta a bayan ƙyaure ba, kuma babu wanda zai yarda ya faɗi haka. Maiɗakina ta jera ƙwaya bakwai-bakwai a kewaye, ta ɗiga man gyaɗa a tsakiya. Na ce wannan shi ne guzurin kakanninmu idan za su fita yaƙi, yana ƙarfafa gwiwa. Liman ya dubi farantinsa ya ce bai taɓa cin karo da haka a karatu ba, amma ilimi da faɗi yake. Arɗo ya ce, "Mun san ta, Malam. Mun san ta ƙwarai."

Aka kawo dambun tsaki da ganyen tafasa. Aka kawo nama, domin nama bai yi wuya ba a shekarun nan, makiyaya suna yankawa kafin dabba ta faɗi da kanta. Sai dai nama ne mai kama da igiya, wanda aka daka aka warware shi zare-zare. Arɗo ya ɗago zare ɗaya a cokali, ya juya shi a haske, ya ce kamar ya san saniyar. Mutumin Tozai kuwa tun a na huɗu ya kira ni kusa, ya yi kamar zai raɗa mini, ya faɗa yadda kowa zai ji: "Kai ɗan bawana, wanga duk likita ya rubuta? In maganin ido ne, mu namu lafiya lau suke." Na yi murmushi irin na wanda ya yi tafiya, na ce a yi haƙuri, akwai saura.

Abin da ya ƙarfafa mini zuciya shi ne kowane faranti yana komawa ciki da kusan rabin abin da aka zuba. Na ɗauka ƙoshi ne, na ce lalle Faransawa sun san cikin ɗan Adam. Maiɗakina, da take karɓar faranti a bakin ƙofa tana wankewa, ta ce mini, "Malam, ba ƙoshi suka yi ba fa." Ban tsaya ba, ina sauri. Da na tsaya da na tuna abin da na sani tun ina yaro: dattijo a ƙasarmu ba ya suɗe kwano a gidan wani, ko loma biyu ce sai ya bar ɗaya domin yara. Ban da haka, mutanen nan wuri suke ajiyewa a ciki. A wurinmu wanda bai ci tuwo ba bai ci abinci ba, ya dai taɓa wani abu.

Na shida fura ce, ƙwallo ɗai-ɗai kamar goro, ba nono, domin shanun da za a tatsa sun riga mu. Na bakwai garin magarya ne da aka cuɗa aka yanka ƙanana. La'asar ta kusa. Na duba zauren na ga ba wanda ya ambaci rumbu, Baffa yana hira yana dariya, na ce a raina na tsira. Na shiga na ɗauko buta da tasa, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina zuba musu ruwa, kamar yadda aka rufe mana taro a Madawa.

Suka wanke hannu har wuyan hannu, ba yatsu kaɗai ba. Suka naɗe hannayen riguna bisa kafaɗa. Suka ture cokula gefe, suka gyara zama, suka buɗe fili a tsakiyar tabarma daidai girman akushi. Liman ya yi bisimilla. Mutumin Tozai ya ce ai ya san bawansa ba zai kira mutane daga nesa domin lasar faranti ba. Ina tsaye da buta a hannu na gane abin da na yi. Ruwan da yake rufe abinci a Madawa shi ne yake buɗe shi a Sabon Birni.

Aka zuba wa ƙofa ido. Baffa ya ce, "Kai wanga, ina tuwo?"

Na matsa kusa na durƙusa, na ce a tsarin da aka bi, an kammala.

"An kammala mi?"

Na ce abinci, Baffa.

Ya cire tabarau ɗin da likita ya ba shi, ya dubi hannaye goma sha biyu da ke jiƙe. Ya ce tun da aka kafa gidan nan dattijo bai taɓa wanke hannu a banza ba, kuma ba za a fara a ranar godiyarsa ba. Ya ce laifinsa ne da ya bar wa ɗan boko abin da ba na boko ba. Yau ya ba da izini, a kawo tsani a fasa ajiya. Mata su sussuka su daka, a yi la'asar, kafin magariba a ci tuwon geron da ya shekara huɗu. Ya miƙe ya ce abokansa su zo su shaida.

Rumbun yana cikin filin da ke tsakanin zaure da cikin gida. Suka fito suka tsaya a inuwarsa. Na kafa tsani na hau cikin babbar riga, na ture jinka, na fasa lakar da ni na liƙa makon jiya. Ina sama na yanke shawara: za ni shiga in jefo dami biyu, a yi tuwo, a rufe rumbu, sauran biyun su zama iri, abin da zai biyo baya in ji da shi gobe. Shawara ce ta wanda ya daɗe a ofis. Na manta abin da kowane manomi ya sani, cewa wanda ya shiga cikakken rumbu bisa hatsi yake tsayawa, ana ganinsa daga gwiwa zuwa sama. Na zura ƙafa ina laluben sandunan da ake takawa a ciki. Ƙuguna ya shige, ƙirjina ya shige, kafaɗuna suka bi. Abin da Baffa ya gani da sababbin idanunsa shi ne hulata tana nutsewa har ta ɓace.

A ƙasan rumbun akwai sanyi da warin tsohon hatsi. Na tsaya kusa da dammunan nan huɗu ban taɓa su ba. Daga waje ba na jin komai sai kukan wata akuya. Can muryar Baffa ta zo, ba tsawa a cikinta.

"Nawa ya rage?"

Na ce, "Huɗu, Baffa. Iri ne." Muryata ta yi amo kamar daga rijiya, ta faɗi abin da ya rage ban faɗa ba.

"Bar su nan. Hito."

Na fito da yanar gizo a gemu da ƙura a rigar Sallah. Ba wanda ya dube ni. Kowa ya sami abin dubawa a ƙasa. Mutumin Tozai, wanda ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba, yana ta gyara igiyar takalminsa da ba ta kwance ba. Liman ya ɗaga kai ya dubi rana ya ce lokacin la'asar ya shiga, ko da yake a ganina da ɗan saura.

Da muka dawo daga salla muka tarar da babban akushi a tsakiyar tabarma. Maiɗakina ce ta tattara duk ragowar da ta komo mata, zogale da hanza da dambu da nama, ta zuba sauran ƙuli-ƙuli da barkono, ta cakuɗa su abu guda. Ba wanda ya nemi bayani, ni ma ban yi tayi ba. Suka kewaye shi, suka sa hannu, Baffa tare da su. A wannan karon ba a bar wa yara komai ba. Mutumin Tozai ya suɗe yatsunsa ya ce a gaya wa uwargida wannan na takwas shi kaɗai ne mai hankali ya dafa. Suka yi addu'a, suka yi wa Baffa barka da ido, suka watse.

Na zauna a bakin tabarma ina jiran hukunci, na kuma shirya hujjojina: yara, da ƙanwata, da shekarar da ba a girbe ko zangarniya ba. Baffa ya tambaye ni tun yaushe. Na gaya masa. Ya tambaye ni da wane lokaci nake hawa. Na ce da tsakar rana. Ya ce to liman ya gan ni, domin katangarsa ba ta kai rumbun tsawo ba. Na ce ya gan ni. Ya ce Arɗo fa. Na ce Arɗo sau biyu na kai masa dami da hannuna.

Sa'an nan ya ce, "Hatsi don a ci na ajiye shi. Ban ce ka yi laifi da ka ciyar da yara ba. Amma shekara biyu ka bar ni ina cika baki gaban mutanen da suka san komai, suna ce mini madalla don tausayi. Makanta ba ta mai da ni abin tausayi ba. Kai ka mai da ni."

Na duba hujjojina ban sami wadda ta dace da wannan ba.

Washegari ya ɗauki sandarsa, ya ƙi a riƙe masa hannu, ya ce in bi shi a baya kada in buɗe baki. Gida-gida ya bi dattijan nan, ya tsaya a ƙofar kowa, ya ce ya zo ya janye wata magana da ya daɗe yana faɗi: rumbunsa kamar na kowa yake, babu komai a ciki sai iri. Kwana biyu muka yi muna wannan zagaye cikin ranar da likita ya hana shi. Na Tozai sai ranar kasuwa ya same shi, ya gaya masa a tsaye a gaban mutane, taubashin kuwa ya karɓa ba tare da ya ƙara ko kalma ba.

Da muka dawo, a bakin zaure, ya ce daga yau sha'anin rumbu nawa ne, in buɗe in rufe yadda na ga dama, kada in sake neman izininsa. Labari ya bazu cewa Baffa ya danƙa mini gida tun yana raye, mutane suka riƙa zuwa suna yi mini murna, suna cewa ba kowane ɗa ake yi wa wannan amana ba. Na karɓi murnar yadda ya kamata. Shi kuwa ya ci gaba da amsa gaisuwata safe da yamma, yana tambayata lafiyar yara da labarin ofis, amma bai ƙara yi mini maganar gona ko hatsi ba har ya bar duniya. A shekarar walimar, da hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ina jinsa daga ɗakina yana tambayar maiɗakina ko maigida ya tsai da ranar shuka.